Dobyns Fury 806: An Rubuta Mata Oza 8, Amma a 6 Aikinta Yake Tsayawa

Kifin bogi, koton da ake ƙerawa da siffar kifi, mai nauyin oza 6, wato giram 170, ya fi ƙarfin sandar fatsa ta yau da kullum. Duk wanda ya ɗaura shi a sandar da aka yi don koto mai rabin oza, ɗayan biyu ne zai same shi: ko sandar ta ɓalle daga sama a ranar da ya sa ƙarfi wajen jifa, ko ta lanƙwashe har mariƙi ta kasa cilla koton ko'ina. Shi ya sa masu farautar manyan kifin bas a Amurka da Japan suke ware sanda ta musamman domin wannan aiki. Cikin masu sauƙin kuɗi, Fury 806 ta kamfanin Dobyns tana cikin waɗanda sunansu ya fi yawo a bakin masu sana'ar, kuma ita ce sandar farko ta mutane da dama. Sanda ce mai kyau. Sai dai abin da aka rubuta a jikinta ya zarce abin da take yi cikin daɗin rai, kuma wanda bai san haka ba zai saye ta don aikin da ba nata ba.

Wannan salon fatsa a kudancin Kalifoniya ya yi ƙarfi. Hukuma ta riƙa zuba kifin tirawut na kiwo cikin madatsun ruwa irin su Castaic da Casitas, manyan bas kuma suka mai da su abinci, suna haɗiye kifi mai tsawon inci 8 ko 10 ɗungurungum. Masu fatsa suka fara sassaƙa koto mai girman tirawut ɗin, irin AC Plug na Allan Cole a shekarun 1980, daga baya Ken Huddleston ya zo da nasa na roba mai laushi. Japanawa suka karɓa a tafkin Biwa suka ƙara masa girma da tsada.

Akwai abin lura a nan. Bas mafi girma da aka amince da shi a tarihi bai wuce laba 22 da oza 4 ba, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai Manabu Kurita da ya yi kunnen doki da shi a Biwa a 2009 da kifi mai kilo 10.12. Kifi mai kilo 10 ba ya bukatar sanda mai kaurin wannan. Ke nan ba don kifin ake zaɓen sandar ba, don koton ake zaɓenta. Kafin ka tambayi wace sanda, fara ɗora kotonka a sikeli.

Abin da lambar ke faɗa, da abin da ta ɓoye

Gary Dobyns, ɗan gasar fatsa daga Kalifoniya, shi ya kafa kamfanin, wanda daga baya ya koma Sulphur Springs a jihar Tekzas. Tsarin lambobinsu mai sauƙi ne: biyun farko tsawo ne, ta ƙarshe ƙarfi. 795, ƙanwar 806 a jerin Fury, tana nufin ƙafa 7 da inci 9, ƙarfi na 5. 806 kuwa ƙafa 8 cif, ƙarfi na 6. An rubuta wa 795 koto daga oza 1 zuwa 5 da zare mai ɗaukar laba 15 zuwa 30. An rubuta wa 806 oza 2 zuwa 8 da zare mai laba 20 zuwa 40. Dukansu falle ɗaya ne, ba a raba su, jikinsu na girafait ne, mazaunin injin naɗe zare na kamfanin Fuji, kuma farashinsu bai kai dala 200 ba.

Babu wani ma'auni guda da kamfanonin sanda suka yarda da shi wajen rubuta waɗannan alƙaluma. Sandar da wani kamfani ya sa wa H, wato mai ƙarfi, wani XH zai sa mata, wato mai ƙarfi ƙwarai. Lambar sama, a mafi yawan sanduna, tana nufin nauyin da sandar za ta iya lilo da shi a hankali ba tare da ta karye ba. Ba tana nufin nauyin da za ka wuni kana jifa da shi ba. Inda sanda take aiki da kyau shi ne tsakiyar abin da aka rubuta, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na sama a ɗauke shi a matsayin na lalura.

In aka auna 806 da wannan, gidanta oza 3 zuwa 6 ne. Koton Huddleston mai inci 8, wanda nauyinsa ke tsakanin oza 4 da 5 gwargwadon darmar da ke cikinsa, kamar don shi aka yi ta. S-Waver 200 mai oza 3 da rabi yana tafiya lafiya, haka Klash 9 na kamfanin DRT mai oza 4. Slide Swimmer 250 na Deps, mai oza 6 da 'yan kai, shi ne bakin iyaka: za ta jefa shi, amma za ka ji sandar tana gaya maka kada ka ƙara. Koto mai oza 8 cikakku kuwa lilo kawai za a yi masa a sake shi kusa. Ita kuma 795, duk da an rubuta 5, daga oza 3 da rabi ta fara nuna gajiya. Jointed Claw 178 mai oza 2 da S-Waver 168 su ne abokan tafiyarta. Mutane da yawa suna sayen 795 saboda sun ga 5 a jikinta alhali Huddleston mai inci 8 suke son jefawa, sai su ƙare da sayen sanda ta biyu.

Gane cewa koto ya fi ƙarfin sanda ba ya bukatar na'ura. Ɗaura koton, ka sake shi ya sauko ƙafa 2 zuwa 3 daga tsinin sandar, ka riƙe ta a kwance. In kashi ɗaya cikin huɗu na sama ne kawai ya rusuna, lafiya. In lanƙwasar ta gangaro har tsakiya tun ba a yi jifa ba, nauyin ya yi yawa. A wajen jifa kuma alamun uku ne. Za ka ji lanƙwasar ta iso har ƙarƙashin hannunka, a cikin mariƙi. Koton zai riƙa makara wajen fita, ya tafi gefe ba inda ka nufa ba, domin sandar ba ta miƙe a kan lokaci ba. Bayan ya fita kuma tsinin zai ci gaba da karkarwa, kowace karkarwa tana fizgar zaren tana sakinsa, kwarkwaron inji ya fi zaren gudu, zare ya cukurkuɗe. Yawanci injin ake zargi, a yi ta murɗa birki, alhali laifin na sanda ne.

Akasin haka ma matsala ce, ko da yake ba ta kai wannan ba. Ka ɗaura koto mai oza 2 a 806, sandar ba za ta lanƙwasa ta tara ƙarfi ba, kafaɗarka ce za ta yi duk aikin, nisan kuma ya ragu.

Ƙugiya ce ke yanke hukuncin lanƙwasa

Bayan nauyi, abu na biyu shi ne daga ina sandar take fara lanƙwasa, kuma nan ne ake yawan yin zaɓen tumun dare. Manyan kifayen bogi iri biyu ne, kowanne da irin sandar da yake so.

Na farko shi ne na roba mai laushi mai ƙugiya ɗaya mai kauri a gadon baya, irin Huddleston. Babban bas idan ya kama shi, damƙe robar yake yi da muƙamuƙi ya riƙe gam. Kafin bakin ƙugiya ya taɓa nama, sai an ja duk jikin koton ya zame cikin bakin kifin, sannan ƙarfe mai kauri ya huda leɓe mai tauri. In cizon ya faru a nisan mita 30 kuma zaren na nailan ne, wani kaso na fizgarka a talewar zaren zai ƙare. Saboda haka ana son sanda mai taurin gindi, wadda samanta kawai ke rusunawa, daga nan sai ƙarfi. A nan 806 ba ta da abin zargi. Dabarar ita ce kada ka fizga da zarar ka ji taɓi. Ci gaba da naɗi har sandar ta yi nauyi, sannan ka share ta gefe da dukan jikinka kana ci gaba da naɗawa. Da ƙugiya irin wannan ana ɗaure majan zaren inji, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi, kusan ƙarshe, kuma ba a wasa da kifi: a juyo kansa, a naɗo shi ba tsayawa har cikin koma.

Na biyu shi ne mai tauri, na itace ko roba mai ƙarfi, mai gaɓa ɗaya ko biyu, da ƙugiyoyi masu baki uku suna reto a cikinsa. Slide Swimmer da Jointed Claw da S-Waver duk nan suke. Waɗannan ƙugiyoyin sirara ne, shigarsu ba wuya, fitarsu ma ba wuya. Dubi abin da ke faruwa idan kifi ya taso: ya fito da kai sama da ruwa, baki a wangame, yana girgiza. Koto mai giram 170 yana waje da bakin, maƙale da baki ɗaya ko biyu na ƙugiyar baya. Kowace girgiza tana wurga wannan nauyin hagu da dama, ramin da ƙugiyar ta yi yana ƙara faɗi. In sandar mai tauri ce ƙwarai, da kifin ya girgizo wajenka sai ta miƙe, zare ya yi sako-sako na ƙiftawar ido, koton ya yi tsalle ya fita. Sanda mai lanƙwasa har tsakiya ba ta miƙewa da wuri haka. Tana bin kan kifin gaba da baya, zaren yana nan a ɗame.

An rubuta wa 806 cewa mai saurin miƙewa ce, wato samanta kawai ke rusunawa, amma idan kifi ya hau ta tana rusunawa fiye da yadda rubutun ya nuna, kuma wannan ne ya sa take iya aikin biyu. Ba ta kai sandar da aka yi musamman don ƙugiya mai baki uku ba. Wanda kotonsa duka masu tauri ne zai fi samun kwanciyar hankali da sanda mai laushin tsakiya. Amma mai sanda ɗaya tak zai iya cike giɓin da abu biyu: ya sa zaren nailan mai talewa maimakon kitsattse, ya kuma sassauta majan zare kaɗan yadda kifi zai iya jan zare idan ya yi wani yunƙuri a gefen jirgi. Kuma tsinin sanda ya zauna ƙasa, kusa da ruwa, don hana kifin tasowa tun farko.

Tsawo da mariƙi

Ƙafa 8 mita 2.44 ke nan. Wanda ya shiga kasuwar waɗannan sanduna zai ga da yawa an yi su ƙafa 7 da inci 11, ya yi mamakin wannan inci ɗaya. Dalilin gasa ne: ƙungiyar gasar kamun bas ta Amurka, B.A.S.S., ta daɗe tana hana sanda da ta wuce ƙafa 8, sai a 2017 ta ɗaga iyakar zuwa ƙafa 10. Tsawo yana ƙara nisan jifa kuma yana kwashe zare da yawa a fizga ɗaya, amma kowane inci da aka ƙara yana ƙara wa koton ƙarfin murɗa maka wuyan hannu. Ga mai matsakaicin tsawo da ke tsaye a jirgi, ƙafa 8 daidai ne. Mai tsayawa a gaɓa da itatuwa a bayansa, ko mai zama cikin ƙaramin kwalekwale, zai fi sakewa da ƙafa 7 da rabi zuwa 7 da inci 9.

Mariƙi ne sashen da sabon shiga ba ya kallo, tsohon hannu kuma shi yake fara aunawa. Ba a jefa oza 6 da hannu ɗaya. Hannun sama yana wajen inji a matsayin madogara, na ƙasa yana jawo gindin sanda zuwa ciki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙarfinka. Gwajin shi ne ka kama sandar a mazaunin inji ka kwantar da mariƙin a damtsenka. In gindin bai wuce gwiwar hannunka sosai ba, ya yi gajere ga wannan aiki. Ga koto mai oza 4 zuwa 6 ana son inci 16 zuwa 18 daga bayan inji, ga wanda ya fi haka inci 20 ko sama. Mariƙin 806 yana shiga hammata ya zauna, wanda shi ake so lokacin da ake jan Huddleston a hankali a ƙasan ruwa na tsawon sa'o'i: nauyin yana kan haƙarƙari, ba kan wuyan hannu ba. Inda yake damun mutum shi ne idan ana son a riƙa kaɗa koto mai gaɓa da tsinin sanda, domin gindin yana kama riga, musamman rigar sanyi ko rigar kariya daga nutsewa. Maganin shi ne a bar sandar a tsaye, a riƙa ba koton motsi da hannun inji: rabin juyi, tsayawa, rabin juyi. Yawancin masu gaɓa ɗaya ma sun fi yin kyau a haka.

Zobban da zare ke bi ba su da wani abin a zo a gani, kuma nan ne ɗaya daga wuraren da aka rage kuɗi idan aka kwatanta da jerin Champion XP na kamfanin, wanda ya fi tsada sosai. Suna aikinsu. Abin dubawa a kowace sanda irin wannan shi ne zobban ƙasa su kasance masu ƙafafu biyu da ke kama jikin sandar, na sama kuma kada su yi ƙanƙanta har ƙullin da ya haɗa zare biyu ya riƙa karo da su. Sandar ta ɗan fi nauyi ta gaba idan ba inji a kanta, amma da an ɗora mai lambar girma 300 ko 400 sai ta daidaita. Ba ta kai manyan sanduna jin motsin ƙasa ba. Ga wannan fatsa hakan bai cika damuwa ba, tunda cizon kifin da ya haɗiye koto mai inci 8 ba ya ɓuya.

Inji da zare

Sanda mai kyau da ƙaramin inji asarar kuɗi ce. Inji mai lamba 150 ko 200 ba ya ɗaukar isasshen zare mai kauri. Jifa ɗaya mai nisa zai kwashe rabin abin da ke kan kwarkwaro, kwarkwaron ya sirance, kowane juyi ya riƙa kwaso zare kaɗan, tafiyar koton ta canza tsakanin farkon naɗi da ƙarshensa. Haƙoran cikinsa ma ba za su daɗe ba. Abin da ya dace da 806 shi ne mai lamba 300, irin Shimano Tranx 300 ko Daiwa Lexa 300, in kuma zaren ya kai laba 25 zuwa 30 a koma 400. Tranx 300 yana zuwa da saurin naɗi iri biyu, 5.8 da 7.6, wato yawan juyin kwarkwaro a kowane juyin hannu ɗaya. Na farkon ya fi dacewa da roba mai laushi da ake ja a hankali, na biyun da masu gaɓa, inda ake bukatar kwashe sako-sakon zare da sauri. A riƙa duba zoben da ke ɗaure inji a mazauninsa, domin jifa da nauyi yana kwance shi sannu a hankali.

Zare kuwa, laba 20 shi ne mafi ƙaranci ga koto mai oza 3 zuwa 5, laba 25 ga mai 6. Nailan irin Berkley Big Game ko P-Line CXX yana da araha kuma yana yafe kuskure. Fulorokabon yana nutsewa kuma ba ya bayyana sosai a ruwa mai haske, amma yana da tauri a kan kwarkwaro, kuma inda ya taɓa lanƙwashewa a cukurkuɗe ya raunana ke nan, sai a yanke. Kitsattsen zare shi ne tarkon. Mutum zai ga an rubuta laba 50 ya ɗauka ya fi nailan mai 25 aminci. Amma ba ya talewa ko kaɗan. Idan kwarkwaro ya cije a tsakiyar jifa, koto mai oza 6 da ke gudu a iska zai tsaya nan take, duk ƙarfin ya sauka a kan ƙulli, ka ji ɗas, ka ga koton da ka saya sama da dala 100 yana ci gaba da tafiya shi kaɗai. Mai son kitsattse ya fara daga laba 65 zuwa 80, ya ƙara masa guntun nailan ko fulorokabon a gaba. A riƙa shafa mita biyun ƙarshe na zaren da yatsa, a sake ƙulli bayan kowane kifi da bayan kowace cukurkuɗewa.

Akwai wata hanyar asarar koto da ba a cika faɗa ba. Hannun inji mai nauyi ta gefe ɗaya yana iya juyawa da kansa saboda ƙarfin jifa, ya mayar da inji cikin giya alhali koto yana sama. Sakamakon ɗaya ne da na cukurkuɗewa, wani lokaci har da lalacewar haƙori. Hannu mai wurin riƙo biyu, ko mai ɗaya da aka sa wa ma'aunin nauyi a ɗaya gefen, ya fi aminci.

Yadda ake jifan

Yawancin sandunan da suka karye a wannan fatsa ba kifi ne ya karya su ba. Jifan kifin bogi mai nauyi irin na majajjawa ne: nauyin ake bari ya yi lilo ya ja sandar, ba a fizgarsa. Saki koton ya sauko kamar ƙafa 3. Juya jiki ka kai shi baya ta gefe a hankali, ka jira har ka ji nauyinsa ya ja tsinin sandar. Wannan jiran shi ne duka sirrin. Daga nan ka taho da shi gaba da gudu mai ƙaruwa, hannun ƙasa yana jawowa, ƙugu yana juyawa, ka sake shi ya tashi sama kaɗan. In ka fara turawa gaba tun koton bai gama zuwa baya ba, nauyin da ke tafiya baya da sandar da ke tafiya gaba za su haɗu a wuri ɗaya, kuma wurin yawanci ƙafa ɗaya ko biyu ne daga tsini.

Koto mai gaɓa yana son wulwulawa a iska. Da ya fara wulwulawa gudunsa zai ragu farat ɗaya, kwarkwaro kuma bai sani ba. Saboda haka babban yatsa ba ya barin zaren, kuma birkin inji a fara da shi a sama, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Dab da zai faɗa ruwa a danne kwarkwaro: koton zai miƙe, ya sauka da wutsiya a gaba, ƙugiyoyin ba za su harɗe zare ba, ƙarar faɗuwar ma ta ragu.

Sauran abubuwan da ke karya sanda sanannu ne. Ɗaga ta tsaye sak lokacin da kifi yake gindin jirgi yana tara duk nauyin a tsini. Ɗago kifi daga ruwa da sanda, kifi mai kilo 3 da koto a bakinsa, ganganci ne. In koto ya maƙale a ƙasa, a miƙe sandar ta kalli wajen, a naɗa zaren a guntun itace a ja, ba da sanda ba. Sai kuma wanda ba a gani: koto mai tauri da aka rataye a jikin sanda ana gudu da jirgi yana ta bugun girafait ɗin. Ƙaramin rauni ne da ido ba ya kamawa, sai bayan mako biyu sandar ta karye daidai wurin a ce ai daga kamfani ne. A nannaɗe koton da mayafinsa ko a cire shi.

In koton ya wuce oza 6

A nan 806 ta sauka. Mother na kamfanin Roman Made, wanda ake sassaƙawa da hannu daga itace a Japan, tsawonsa santimita 30 ne, nauyinsa wajen giram 300, sama da oza 10, kuma kuɗinsa ya fi na sandar. Ɗaura shi a 806 wasa da dukiya ne. Dobyns suna da 867 da 908 a jerin Champion XP, masu ƙarfi na 7 da na 8, don irin wannan nauyi. Ƙa'idar ba ta canza ba: nemi sandar da nauyin kotonka ya faɗo a tsakiyar abin da aka rubuta mata. Koto mai oza 10 yana son sandar da lambarta ta sama ta kai 16 ko fiye.

Wata hanyar ita ce sandunan kifin maski na arewacin Amurka, irin na St. Croix da ke Park Falls a jihar Wiskonsin. Masu wannan fatsa sun saba jefa roba mai nauyin laba guda, sandunansu kuma ƙafa 8 da rabi zuwa 9 ne ko fiye. Wajen jifa ba su da matsala ko kaɗan. Matsalar tana wajen kifin: an yi su ne don dabba mai ƙashin baki da ta ninka bas girma, saboda haka bas mai kilo 3 ba ya iya lanƙwasa su, ƙugiya mai baki uku kuma ta yage. Ga roba mai ƙugiya ɗaya sun wadatar. Ga koto mai gaɓa sai an zaɓi mafi laushinsu.

Wanda zai yi odar sanda daga nesa ya yi lissafin kuɗin aike kafin na sanda. Falle ɗaya mai ƙafa 8, da an sa shi cikin bututu ya wuce inci 96, kamfanonin aike kuma suna ɗora ƙarin kuɗi mai nauyi a kan kaya masu irin wannan tsawo, har ya iya kamo kuɗin sandar kanta. Yawancin manyan sandunan Japan ana zare mariƙinsu daga jiki, abin da ke rage tsawon kunshin da ƙafa ɗaya da wani abu ba tare da an raba sashen da ke lanƙwasa ba. Ga mai nisa wannan kaɗai zai iya sa sandar Japan ta fi Fury araha a ƙarshe. Ranar da ta iso, kafin a cire ledar mariƙi, a zura auduga cikin kowane zobe a juya: in ta kama, akwai tsaga da za ta yanke zare. A kalli jerin zobban daga gindi a ga ko sun miƙe, a ɗora tsinin a kan darduma a danna a hankali ana sauraron ƙara.

Masu tunanin giwan ruwa, irin wadda ake nema da manyan kifayen bogi a tafkin Nasir na Masar, su san cewa 806 za ta jefa koton kuma za ta iya da matsakaiciya. Amma giwan ruwa tana wuce kilo 100, sandar nan kuwa an gina ta ne a kan kifin da iyakarsa kilo 10. Kafin ma a zo kan sanda, ƙugiyoyi da ƙananan zobban ƙarfe da ke zuwa a jikin koton bas ba su da ƙarfin wannan kifi, miƙewa suke yi. Sai an sauya su da masu kauri, an sa guntun zare mai laba 80 ko fiye a gaba saboda kaifin marfin kunnenta, sannan a sake gwada koton a ruwa mara zurfi, domin ƙarin nauyin ƙarfen yana iya mai da mai nutsewa a hankali ya koma mai faɗawa ƙasa da kai.